Daga kabad zuwa kwamfuta: yadda muka sake tsara takardun ofishinmu

Wata wasiƙa ce ta tayar da maganar. Shugaban ofishinmu ya leƙo da safe ya ce in kawo masa amsar da muka ba wani kamfani shekara biyu da suka wuce, domin ƙarfe goma sha ɗaya zai zauna da su, kuma suna cewa mun yi musu alkawarin da ba mu cika ba. Ni na buga wasiƙar da hannuna. Na tuna ranar, na tuna har gyaran da aka yi a sakin layi na biyu. Amma da na buɗe kwamfuta sai na tarar da fayil huɗu masu kusan suna ɗaya: "amsa", "amsa sabuwa", "amsa ta ƙarshe" da "amsa ta ƙarshe 2". Babu mai sa hannu a cikinsu, don haka ba yadda zan yi in rantse cewa wannan ce ta fita. Kwafin takarda kuwa yana cikin fayil ɗin da wani jami'i ya ɗauka bai rubuta a littafin fita ba. Sai bayan la'asar aka gano shi a durowarsa, shi kuma yana hutu. Haka aka yi taron babu wasiƙar.

Shugaban bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malama, wannan ya zama na ƙarshe." Na ce, "In Allah ya yarda, ranka ya daɗe." Shekarata tara ina aikin sakatariya a lokacin, kuma abin da nake alfahari da shi bai wuce a nemi takarda in miƙa ba. Ranar ban iya barcin kirki ba.

Washegari na rubuta buƙatar a saya mana sikana mai zuƙar takarda da kanta, wadda za ka jera mata shafi talatin ko hamsin ta yi ta ja ɗaya bayan ɗaya. Aka amince. Da ta iso na duƙufa, mako biyu ina zuba mata takardu tun safe har tashi. A ƙarshen mako na biyun ina da ɗaruruwan fayiloli a folda guda, kowanne da sunan da na'urar ta ga dama ta ba shi, lamba bayan lamba. In ana neman takarda sai na buɗe su ɗaya ɗaya. A kabad ko banza ina ganin bangon fayil da rubutun da ke kansa; a nan ko wannan babu.

Akwai wani dattijo a sashen rajista, akawu ne da ya fi shekara talatin yana karɓar wasiƙu yana ba su lamba, kowa Baba yake ce masa. Ya tsaya a bayana yana kallon allon kwamfutar, can ya ce, "'Yata, wace lamba kika ba wannan?" Na ce ba ta da lamba, Baba, ai kwamfuta za ta nemo. Ya ce, "Da me za ta nemo? Takardar da ba a yi mata rajista ba, ko a kabad take ko a cikin wannan akwatin, ɓatacciya ce." Ya koma ya ɗauko mini wani tsohon littafi mai bangon kwali, jerin lambobin fayilolin ofishin tun kafin a ɗauke ni aiki. Na kashe sikana. Wata guda cur ban ƙara kunna ta ba.

A wannan watan ne aka yi ainihin aikin, kuma da biro da takarda aka yi shi. Ni da Baba muka zauna muka bi littafin layi layi. Tsarin da ke ciki bisa aiki aka gina shi, ba bisa mutane ba: kuɗi, ma'aikata, kwangiloli, taruka, wasiƙun waje, kayan ofis. Ni kuwa foldodin da na saba yi a kwamfuta sunayen mutane ne, foldar shugaba, foldar mataimaki, foldar akanta. Baba ya nuna mini aibin wannan da tambaya ɗaya: a shekara taran da na yi, mataimaka nawa aka yi? Huɗu. Takardun kwangila ɗaya sun rabu a folda uku saboda an canja mai kula da ita sau biyu. Mutum yana tafiya, aiki yana nan. Muka yanke cewa manyan foldodi za su bi lambobin littafin sak, yadda fayil ɗin da ke kabad da foldar da ke kwamfuta za su zama suna ɗaya, lamba ɗaya. Muka kuma hana folda ta yi zurfi fiye da hawa uku. Dalilin ba na ado ba ne kawai. A Windows, yadda aka saba, cikakken adireshin fayil, wato sunayen duk foldodin da ya ratsa haɗe da nasa, bai kamata ya wuce harafi 260 ba. In ya wuce sai kwafi ya riƙa cijewa.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi cin lokaci kuma ita ce ta fi biyan wahalarta. Kowane fayil yanzu da kwanan wata yake farawa, shekara, wata, rana: 2023-03-07, sannan lambar fayil, sannan wanda takardar ta fito daga gare shi ko za ta je masa, sannan batun a kalma uku ko huɗu. Wannan jerin na shekara kafin wata kafin rana ba ni na ƙirƙiro shi ba, ƙa'ida ce ta duniya da ake kira ISO 8601, tun 1988 take. Amfaninta biyu ne. Na farko, kwamfuta tana jera sunaye ne daga hagu zuwa dama, don haka in shekara ce a gaba, takardun da kansu za su bi juna daga tsohuwa zuwa sabuwa. Na biyu, ta kashe gardamar 03/07: wanda ya bi salon Amurka 03/07 a wurinsa 7 ga Maris ce, alhali mai bin salon Ingila 3 ga Yuli zai gani. Kuma kwanan da ke jikin takardar muke sa wa, ba ranar da aka ɗauki hotonta ba. Wannan ƙaramin abu sai da na maimaita shi ga kowa fiye da sau goma.

Lambobin fayil ɗinmu na takarda duk da karan tsaye mai kwanciya ake raba su, irin KW/14/2, amma Windows ba ta karɓar wannan alamar a sunan fayil, haka ma ruwa biyu, alamar tambaya, tauraro da wasu 'yan kaɗan. Muka maye ta da ƙaramin karan kwance. Haruffa masu ƙugiya kuma, ɓ da ɗ da ƙ, mun daɗe muna ja-in-ja a kansu. Ni ina son a rubuta kowane suna daidai, domin ƙugiya ba ado ba ce. Amma in na sa wa fayil suna da ƙ, abokin aikina ya nema da k saboda allon madannansa ba shi da ƙugiya, ba lallai ya gani ba. Abin da muka tsayar shi ne: a cikin takarda da cikin rajista a rubuta da ƙugiya yadda ya kamata, a sunan fayil a bar ta. Har yau bai kwanta mini sosai ba, amma yana aiki.

Da muka koma kan sikana, sai na gane ɗaukar hoton shi ne mafi sauƙi. Shirya takardar ne aiki: cire fil da ƙarfen sitefula, miƙe kusurwar da ta lanƙwashe, raba shafukan da danshi ya manne, liƙa ƙananan rasit a kan farar takarda don kada na'urar ta haɗiye su. Ƙarfe ɗaya da aka manta ya isa ya yaga takarda ya kuma karce gilashin. Muka tsaya a kan ɗigo 300 a kowane inci, domin ƙasa da haka ƙananan haruffa kan dushe, sama da haka kuma fayil ya yi nauyin da ba shi da amfani. Rubutun bugu zalla baƙi da fari. Tsohuwar takarda da ta koɗe, launin toka. Duk mai hatimi ko sa hannu da tawada mai launi, da launinta. Bayan kowane ɗauri nakan ƙirga shafukan da ke hannuna in gwada da waɗanda suka shiga kwamfuta, saboda na'urar kan zuƙi shafi biyu a haɗe ba tare da ta sanar ba. Sau da yawa wannan ƙirgar ta cece ni. Kada a manta da bayan takarda: manyan jami'ai a nan suke rubuta umarni da biro, kuma wani lokaci wannan layi ɗayan ya fi wasiƙar kanta muhimmanci.

Hoton takarda hoto ne kawai, kwamfuta ba ta san abin da aka rubuta a ciki ba sai an bi shi da manhajar gane rubutu, wadda ake kira OCR. Ita ce ke sa in buga sunan kamfani a wurin nema, duk takardar da ta ambace shi ta fito. A rubutun bugu mai tsabta tana ƙoƙari ƙwarai. A tsohon bugun tafireta takan rikita sifili da harafin O, ɗaya da l, rubutun hannu kuma ban dogara da ita a kansa ba ko kaɗan. Shi ya sa nake gaya wa masu cewa "ai nema ya wadatar, me za a yi da suna mai tsari" cewa nema taimako ne, ba ginshiƙi ba. Ajiyar kuma a PDF muke yi. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, kuma a 2005 aka fitar da wani nau'insa mai suna PDF/A don ajiya mai tsawo, wanda ke ƙunshe da siffar haruffansa a cikinsa, yadda ko bayan shekaru aka buɗe a wata kwamfuta shafin ba zai sauya kama ba. Kwangiloli da rahotannin zama duk a shi muke adana su.

Littafin shige da fice na Baba ma bai mutu ba, jadawali ya koma a Excel: lamba, ranar da takarda ta shigo, daga wa, batu, wa aka miƙa wa, ranar da ake jiran amsa, sannan mahaɗin da in ka danna zai buɗe takardar. A makon farko na sha mamaki, in rubuta 0045 in ga 45, in rubuta 3/12 in ga ya zama kwanan wata. Ashe manhajar lissafi ce, duk lambar da ta gani ta lissafi take ɗaukarta sai ka gaya mata tun farko cewa wannan gurbin na rubutu ne. Gurbin ranar jiran amsa shi ne ya fi canja mini aiki. Kowace Litinin ina tace jadawalin in ga waɗanda lokacinsu ya gabato, in bi masu su tun kafin a zo ana tambaya.

Matsalar "amsa ta ƙarshe 2" kuwa doka ɗaya ce ta kashe ta. Daftari yana zama a foldar aiki, a Word, kuma kwafi ɗaya ne kowa ke gyarawa, da alamar bin gyara a kunne don a san wa ya canja me. Ranar da aka sa hannu, takardar mai sa hannu ce ake ɗauka a sikana ta shiga foldar fayil, kuma ita kaɗai ce shaida. Abin da ba shi da sa hannu bai fita ba. A nan akwai abu biyu da nake so duk sakatare ya riƙe, domin amanar ofis ce. Kada ka aika wa mutumin waje daftarin Word da ba a share tarihin gyara da bayanan gefe ba. Duk abin da shugaba ya goge yana nan, dannawa ɗaya za ta fito da shi. Kuma in za ka ɓoye wani layi a PDF, zana baƙin akwati a kansa ba gogewa ba ne, rubutun yana ƙarƙashi, ana iya kwafe shi. Akwai kayan aiki na musamman da ke cire shi gaba ɗaya, shi za a yi amfani da shi, sannan a gwada neman kalmar a ga ko ta tafi.

A wata na biyar muka gamu da abin da ya fi tayar mini da hankali. Mun ɗora foldodin a ma'ajiyar intanet da ke daidaita kanta da kwamfutocin ofis, ni kuma a raina na ɗauka shi ke nan muna da kwafin tsaro. Wani abokin aiki yana share tarkace a kwamfutarsa ya haɗa da foldar kwangiloli, yana zaton tasa ce shi kaɗai. Cikin mintuna ta ɓace a wurin kowa. Haka daidaitawa take, abin da ka yi a nan shi za ta yi a can, har da gogewa. Allah ya taimake mu na lura a ranar, muka dawo da ita daga kwandon shara. Irin waɗannan kwanduna ba sa riƙe abu har abada. Na Google Drive, alal misali, kwana 30 ne. Da foldar da ba a cika buɗewa ba ce, da sai bayan wata biyu za mu farga. Ban ga laifin mutumin ba, laifin tsarin da na shimfiɗa ne, wanda ya ba kowa ikon gogewa. A makon muka gyara: yawancin ma'aikata karatu kawai za su iya a foldodin da aka kammala, fayilolin ma'aikata da na albashi mutum uku ne ke ganinsu, kowa da kalmar sirrinsa da tabbatarwa ta biyu a wayarsa, kuma duk wanda ya bar aiki a ranar ake rufe masa ƙofa. Muka ɗauki ƙa'idar da masu harkar ke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Faifan ajiya na waje da muke kwafewa duk Juma'a ba ya kwana a jone da kwamfuta, domin manhajar da ke kulle fayiloli don neman fansa, irin WannaCry da ta addabi duniya a watan Mayun 2017, duk abin da ta tarar a jone takan iya kamawa. Kuma duk wata uku nakan zaɓi fayil in dawo da shi daga faifan in buɗe, in ga da idona cewa kwafin na raye.

Na'ura ba ta ba ni wahalar da mutane suka ba ni ba, kuma ban faɗi haka don zargi ba, sabo ne. Wani ya ɗauki hoton wasiƙa a karkace da waya ya turo ta WhatsApp, inda hoto kan rage kyau in ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Wani ya tara komai a fuskar kwamfutarsa. Wata ta riƙa aika manyan fayiloli ta imel suna dawowa, saboda Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25 a haɗe da saƙo. Dogon bayani bai yi aiki ba. Abin da ya yi aiki shi ne shafi ɗaya da na liƙa kusa da kowace kwamfuta mai misalai uku na suna, da folda guda mai suna "Shigowa" inda kowa zai jefa abin da bai san inda zai sa ba, ni kuma in kwashe kafin in tashi. Sannan shugaban da kansa ya daina karɓar takardar da ba ta da lambar rajista. Ranar da ya mayar wa mataimakinsa da wata ya ce a kai wa Malama tukuna, ranar tsarin ya zauna.

Ba mu ƙona kabad ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Asalin kwangiloli, takardun mallaka da duk abin da kotu ko mai binciken kuɗi zai iya cewa a kawo na hannu, suna nan a kulle, lambarsu ɗaya da ta kwamfuta. Tsawon lokacin da doka ta ce a riƙe kowane irin takarda ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma irin aikin, don haka lauyan ofis da akanta ne suka rubuta mana jadawalin, ba ni ba. Abin da wa'adinsa ya cika, sai an jera shi a takarda shugaba ya sa hannu kafin ya shiga injin yayyaga takarda.

Abin da ya rage yanzu kwali uku ne da muka tarar a ƙasan kabad na ƙarshe. Takardu ne marasa lamba, wasu babu kwanan wata, da yawa kuma tsofaffin saƙonnin na'urar fas (fax) ne a kan takardar nan mai santsi da zafi ke yi wa rubutu, wadda ke koɗewa da shekaru har ta koma fara. Waɗannan na fara ɗauka, da launin toka, ina ƙara duhu har rubutun ya ɗago. OCR ba ta iya komai a kansu. Baba ne ke iyawa. Yakan ɗaga takarda ya kalli rubutun hannun da ke gefe ya ce wannan na mataimaki na biyu ne, to tsakanin shekara kaza da kaza ke nan, duba fayil ɗin kayan ofis. Sau tara cikin goma in na duba sai in tarar da 'yar'uwarta a can. Ƙarshen shekarar nan zai yi ritaya, don haka na roƙi shugaba ya ba mu awa ɗaya kullum bayan azahar, ya kuwa bayar. Na ƙara gurbi a rajista mai suna "bayanin Baba", ina rubuta duk abin da ya faɗa a kan kowace takarda yadda ya faɗe shi. Jiya muka ga ƙasan kwali na farko. Yana tashi ya ce, "'Yata, gobe ki zo da sabon abin cire fil, na biyun nan duk ƙarafunan sun yi tsatsa."